Yaranmu Sun Gama Sakandare: Halinsu, Burinsu da Hanyar da Ke Gabansu

Darasi don nazari cikin ƙungiya

Kowace shekara, idan damina ta kankama, 'yan aji shida na sakandare sukan ajiye alƙalami. Jarrabawar WAEC takan ƙare wajen watan Yuni, ta NECO kuma takan biyo bayanta. Sai a yi bikin sallama, a ɗauki hotuna, yara su ɗaure kayansu su dawo gida. Daga nan sai jiran sakamako.

Dukanmu mun san abin da wannan jira yakan haifar. Wata uku yakan zama shekara uku. Wani yaro ya tafi birni yin acaɓa, ba a ƙara jin maganar karatu ba. Wani ya shiga ramin haƙar ma'adinai. Wata yarinya da take ta ɗaya a ajinsu an yi mata aure, domin ba wanda ya san inda za a sami kuɗin ci gaba. Wani kuma an sayar da gona an tura shi karatun da ba ya so, bayan shekara biyu ya dawo hannu banza. Sau da yawa ba ƙwaƙwalwa yaran suka rasa ba. Abin da suka rasa shi ne wanda zai zauna da su ya tambaye su, ya kuma nuna musu hanya.

A wannan darasi za mu duba abubuwa uku: yadda za mu gane halin kowane yaro, yadda za mu saurari burinsa, da hanyoyin da suke buɗe ga wanda ya gama sakandare a Nijeriya. Ana iya karanta shi a taron dattawa, a zumuntar mata, ko a ƙungiyar matasa. Zai fi amfani idan iyaye da yara suka zauna tare.

Kowa da halinsa

Yatsun hannu biyar ne, amma ba tsawonsu ɗaya ba. Uwar da ta haifi 'ya'ya shida ta san haka. Wani tun yana ƙarami ba ya barin rediyo sai ya kwance shi. Wata kuwa ita ce mai tara ƙannenta tana yi musu makaranta a gindin bishiya.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, mai suna John Holland, ya daɗe yana nazarin yadda mutane suke zaɓen aiki. A shekarar 1959 ya fara bayyana ra'ayinsa, daga baya ya kasa mutane gida shida bisa ga abin da ransu yake so. Abin da ya koyar shi ne, mutum ya fi jin daɗin aiki, ya kuma fi daɗewa a cikinsa, idan aikin ya dace da halinsa. Har yau masu ba ɗalibai shawara a ƙasashe da yawa suna amfani da wannan rabo. Bari mu duba shi da idon ƙauye.

1. Mai aikin hannu. Shi ne yake gyara keke da injin ban ruwa ba tare da an koya masa ba. Zaman aji yana gundurarsa, amma a gona ko a wurin gini ba ya gajiya. Noma, kiwo, kanikanci, walda, kafinta da haɗa wutar sola sun dace da shi.

2. Mai bincike. Ba ya rabuwa da tambaya. Yana so ya san dalilin da masarar wannan gona ta yi ja, ta wancan kuma ta yi kore. Sau da yawa ba shi da yawan magana. Irinsa ne suke zama likitoci, masu awo a asibiti, masu haɗa magunguna, injiniyoyi da masu binciken iri.

3. Mai fasaha. Zane, kiɗa, waƙa, wasan kwaikwayo da ƙirƙirar sabon ɗinki su ne abin da ransa yake so. Ba ya son a ɗaure shi da tsari ɗaya kullum. Akan ce masa mai wasa ne, alhali teloli, masu zanen gini, marubuta da ma'aikatan rediyo daga cikinsu suke fitowa.

4. Mai son taimakon mutane. Ita ce take zama da kaka idan ba ta da lafiya, ita ce mai sasanta ƙawaye idan sun yi faɗa. Koyarwa, jinya, ungozomanci da aikin lafiya a ƙauye suna bukatar irin wannan zuciya.

5. Mai jan gaba. Shi ne shugaban ɗalibai, ko kuwa wanda yake sayar da gyaɗa da biro a aji. Ya iya magana, ba ya tsoron mutane. Kasuwanci, aikin lauya, shugabancin ƙungiyar manoma da siyasa sun dace da shi.

6. Mai tsari. Littattafanta a shirye suke, rubutunta a tsabtace. Idan aka ba ta ajiyar kuɗin ƙungiya, ko kwabo ba ya ɓata. Aikin akanta, sakatare, banki, ajiyar kaya da aikin ofis na kwamfuta suna neman irinta.

Mu lura da abu biyu. Na farko, da wuya a sami mutumin da yake gida ɗaya kawai. Yawancin mutane suna da biyu ko uku a haɗe. Yarinya mai bincike wadda kuma take son mutane za ta iya zama ma'aikaciyar jinya ta gari. Yaro mai aikin hannu wanda kuma ya iya ciniki zai iya buɗe garejinsa ya ɗauki yara. Na biyu, ba gidan da ya fi wani daraja. Asibitin da yake da likita amma ba mai gyaran injin wuta, aikinsa yakan tsaya da dare. Wannan rabo ba tambari ba ne da za mu buga wa yaro a goshi. Hanya ce ta fara magana.

Me ya sa buri yakan zo iri ɗaya?

Idan muka tambayi 'yan aji shida abin da suke so su zama, amsoshin ba su da yawa: likita, lauya, soja, injiniya, nas. Dalilin ba boyayye ba ne. Yaro yana burin abin da ya gani. A ƙauye ya ga malami, ya ga ma'aikacin asibiti, ya ga soja ya zo hutu da kaki. Bai taɓa ganin mai awon ƙasa ko likitan dabbobi yana aiki ba, balle ya yi sha'awa.

Wani lokaci kuma burin ba na yaron ba ne, namu ne. Muna so a kira mu baban likita. Muna so 'yarmu ta yi abin da 'yar maƙwabci ta yi. Hausawa sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Idan muka tura mai aikin hannu karatun lauya domin suna, mun ɓata kuɗi, mun kuma ɓata masa shekaru.

Akwai kuma yaran da ba sa faɗin kome. Idan an tambaye su sai su sunkuyar da kai su ce, “Duk abin da Baba ya ce.” Wannan ladabi ne, amma kada mu ɗauke shi a matsayin amsa. Wataƙila yaron ya ga rumbu ya kusa ƙarewa, shi ya sa ya haɗiye burinsa. Irin wannan yaro yana bukatar kawu, ko inna, ko malaminsa ya ja shi gefe su yi magana a tsanake.

Ga misalin yadda maganar za ta iya tafiya. A ce uba da ɗansa suna hutawa a bakin gona.

“Ɗana, a cikin darussan da ka yi, wanne ne ba ka jin wucewar lokaci idan kana yinsa?”

“Aikin gona, Baba, musamman wajen dabbobi.”

“To, ai na ji kana cewa likita za ka zama.”

“Haka kowa yake cewa a ajinmu, Baba. Amma ni ranar da aka zo yi wa shanu allura, har yamma ban bar wurin ba.”

“Madalla. Bari mu nemi wanda ya san inda ake koyon wannan.”

Uban bai yi alkawarin kuɗi ba, bai kuma yi dariya ba. Tambaya ya yi, ya saurara.

Hanyoyin da suke buɗe

Da yawa daga cikinmu ba mu yi karatu mai zurfi ba, saboda haka sunayen hukumomi sukan rikita mu. Ga bayani a taƙaice.

Takardar gama sakandare. Hukumomi uku ne aka fi sani. WAEC ta ƙasashen Afirka ta Yamma ce, an kafa ta a 1952. NECO ta Nijeriya ce, ta fara jarrabawar gama sakandare a shekarar 2000. NABTEB kuwa an kafa ta a 1992 domin makarantun fasaha da kasuwanci. Jami'o'i suna neman kiredit biyar a darussan da suka shafi abin da yaro zai karanta, har da Turanci. Fannonin kimiyya da fasaha suna neman lissafi kuma. Makarantu da yawa suna yarda a haɗa sakamakon zama biyu. Ke nan wanda ya faɗi darasi ɗaya ko biyu bai mutu ba. Akwai jarrabawar masu zaman kansu da ake yi wajen ƙarshen shekara, zai iya cike giɓin a nan.

Jarrabawar JAMB. An kafa hukumar a 1978. A 2010 aka fara yin jarrabawa ɗaya domin shiga jami'a, kwalejin kimiyya da fasaha, da kwalejin ilimi. Darussa huɗu ne, Turanci dole ne a cikinsu, jimlar maki kuma 400. Tun 2015 a kan kwamfuta ake rubuta ta, kuma tun 2021 sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, ake rajista. Wannan yana da muhimmanci gare mu. Yaron da bai taɓa riƙe kwamfuta ba zai iya faɗuwa ko da ya san amsa. Haka kuma, idan suna ko ranar haihuwa a NIN ya saɓa da na takardar makaranta, za a sha wahala daga baya. Gara a duba tun da wuri. A 2024 kusan mutum miliyan biyu ne suka yi rajistar wannan jarrabawa, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 sun sami ƙasa da maki 200. Saboda haka idan ɗanmu bai sami maki mai yawa ba, kada mu ce ya kunyata gida.

Jami'a. Yawancin digiri shekara huɗu ne, aikin injiniya da lauya biyar, likitanci shida. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, da Jami'ar Jos, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1975, suna cikin waɗanda yaranmu suka fi nema. Masu neman likitanci da lauya sun fi guraben yawa ƙwarai, shi ya sa ya kamata yaro ya kasance da zaɓi na biyu. Akwai kuma shirin IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello take kula da shi. Karatu ne na kusan shekara guda, wanda ya ci da kyau kuma yakan iya shiga jami'a daga aji biyu.

Kwalejin ilimi. Takardar NCE shekara uku ce, ita ce kuma mafi ƙarancin takardar da ake nema don koyarwa a firamare. Akwai irin waɗannan kwalejoji kusa da mu, kamar ta Gindiri a Filato, ta Gidan Waya a Kaduna, ta Hong a Adamawa da ta Waka-Biu a Borno. Mai NCE zai iya ci gaba zuwa digiri daga baya.

Kwalejin kimiyya da fasaha. Ƙaramar difloma shekara biyu ce, sai shekara ɗaya ta koyon aiki, sannan babbar difloma shekara biyu. Amfanin wannan hanya shi ne, bayan shekara biyu yaro yana da takarda a hannu, zai iya yin aiki ya tara kuɗin sauran.

Makarantun noma da lafiya. Akwai kwalejin lafiyar dabbobi a Vom, kwalejin gandun daji a Jos, kwalejin aikin lambu a Dadin Kowa ta Jihar Gwambe, da kwalejin noma a Samaru. Jihohi kuma suna da makarantun jinya da ungozomanci da na ma'aikatan lafiya na ƙauye. Waɗanda suka fito daga nan su ne suke riƙe da ƙananan asibitocinmu.

Koyon sana'a. Wannan ba hanyar waɗanda suka kasa ba ce. Shekara biyu ko uku a hannun maigida nagari za su iya ba yaro abincin rayuwarsa duka. Wanda ya gama sakandare kafin ya koyi sana'a ya fi iya awo, da rubuta lissafi, da karanta bayanin inji. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, wato NDE, tana da ofis a jihohi, takan kuma haɗa matasa da masu koyar da sana'a. Yana da kyau a je a tambaya.

Maganar kuɗi

Kada mu ɓoye wa yaranmu gaskiyar abin da muke da shi. Mu zauna da takarda mu rubuta kome: kuɗin rajista, kuɗin mota zuwa wurin jarrabawa, kuɗin makaranta, ɗaki, abinci da littattafai. Mu yi lissafin dukan shekarun, ba shekarar farko kaɗai ba. Iyali da yawa sukan fara da ƙarfi, a shekara ta biyu su tsaya.

Rajistar JAMB takan zo a farkon shekara. Wanda bai shirya ba yakan sayar da hatsi da araha ko ya ci bashi mai ruwa. Wanda ya ware akuya biyu ko buhu biyu tun yaro yana aji huɗu ba ya shiga wannan matsi. Adashi tsakanin iyayen da 'ya'yansu suke aji ɗaya yana taimakawa. Ƙungiyar matasa za ta iya noma gona ɗaya ta ajiye kuɗin domin rajistar marayu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A 2024 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun ba ɗalibai rance, wato NELFUND, domin masu karatu a manyan makarantun gwamnati. Rancen ba shi da ruwa, kuma bisa ga dokar ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Amma mu tuna, rance ne, ba kyauta ba. Jihohi kuma suna da hukumomin tallafin karatu, waɗanda sukan nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma. Mu nemi wannan takarda tun kafin a bukace ta.

Idan kuɗin bai isa kowa ba, kada mu yanke cewa mace ce za ta haƙura don kawai ita mace ce. Mu duba ƙoƙari da hali. Matan ƙauyenmu da yawa sun fi sakin jiki su faɗi damuwarsu ga ma'aikaciyar lafiya mace. Idan ba mu tura 'ya'yanmu mata karatu ba, daga ina za ta fito?

Ramukan da ke kan hanya

Na farko, masu sayar da gurbin karatu. Wani zai zo ya ce ya san babba a jami'a, a kawo kuɗi. Tun 2017 JAMB take da tsarin da ake kira CAPS, kuma duk gurbin da bai bi ta nan ba, hukumar ba ta san da shi ba. Yaro zai iya dubawa da kansa ta waya. Haka kuma akwai makarantun da ba su da izini. Kafin mu biya ko sisi, mu tabbatar hukuma ta amince da makarantar da kuma kwas ɗin.

Na biyu, wuraren da ake biya a rubuta wa yaro jarrabawa. Satar jarrabawa laifi ne a dokar ƙasa, hukumomi kuma sukan riƙe ko su soke sakamako. Ko an tsira ma, yaron zai shiga ajin da ba zai iya ɗauka ba, mun kuma koya masa cewa gaskiya abar sayarwa ce.

Na uku, zaman banza. A cikin watannin jira ne ake koyon shan ƙwaya da caca ta waya, a nan ne kuma ake samun cikin da ba a shirya ba. Hausawa sun ce da zaman banza gara aikin kishiya. Mu ba yaro ɗan fili nasa na kansa ya noma, amfanin ya zama nasa. Ko ya je shagon tela, ko ya taimaka a makarantar firamare, ko ya koyi kwamfuta a gari mafi kusa.

Aikin da za mu yi tare

Mu tsai da rana ɗaya bayan sujada mu gayyaci dukan 'yan aji biyar da aji shida tare da iyayensu.

Mu zana da'ira shida a ƙasa, kowace da sunan hali ɗaya. A karanta bayanin, kowane yaro ya tsaya a wadda ta fi kama da shi, sannan ya nuna ta biyu. Abokansa su faɗi ko sun yarda, domin aboki yakan ga abin da iyaye ba su gani ba.

Kowane yaro ya rubuta buri uku: wanda ya fi so, wanda zai karɓa idan na farko bai yiwu ba, da sana'ar da zai iya farawa a bana.

Mu gayyato 'yan garinmu da suke aiki iri dabam dabam, kamar malama, makaniki, ma'aikacin lafiya da malamin gona. Kowa ya faɗi yadda ya fara, shekarun da ya ɗauka, da wahalar da ya sha.

Mu zaɓi mutum biyu, mace da namiji, masu riƙon amana, su riƙe littafi da sunan kowane yaro, sakamakonsa da ranakun rajista. Bayan wata uku a sake zama a ji inda kowa ya kai.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Yara nawa ne suka gama sakandare a garinmu cikin shekara uku da suka wuce? Ina kowannensu yake yanzu?

2. Waɗanne ayyuka ne muke zuwa wani gari nema domin ba mai yinsu a nan? Wa zai iya koyonsu cikin yaranmu?

3. Wane irin hali ne muke yawan yabo, wanne kuma muke renawa? Me ya sa?

4. Yaya muke yi wa yaron da ya faɗi jarrabawa magana? Me ya kamata mu sāke?

5. Idan kuɗin mutum ɗaya muke da shi, yara kuwa biyu ne, ta yaya za mu yanke shawara ba tare da mun zalunci ɗaya ba?

6. Wa yake tambayar marayu da 'ya'yan gwauraye burinsu?

'Yan'uwa, mun riga mun yi babban aiki. Shekara goma sha biyu muna sayen littafi da rigar makaranta, wani lokaci da kuɗin da ya kamata mu sayi taki. Manomi ba ya barin gona a lokacin da dawa ta fid da kai, domin a lokacin ne tsuntsu yake sauka. Kafin wannan mako ya ƙare, kowannenmu ya nemi yaro ɗaya da ya gama sakandare, nasa ko na maƙwabci, ya zauna da shi ya tambaye shi abin da yake so ya zama. Sa'an nan mu kawo amsar a zama na gaba.